Daga Maraɗi zuwa Difa awa nawa ne a jirgi?

 Ranar Lahadin da ta wuce, cikin shirin gaishe-gaishe na dare, wani dattijo ya kira daga wajen Gazawa. Bayan ya gaida surukansa da abokan kasuwarsa, sai ya ce yana da tambaya. Ɗiyarsa tana aure a Difa, cikinta ya tsufa, uwarta na son zuwa ta zauna da ita, shin awa nawa jirgi ke yi daga Maraɗi zuwa can? Waɗanda suka saurara sun ji na yi shiru, har mai kula da na'ura ya ɗago kai ya dube ni. Daga baya na ce mishi, “Alhaji, awa ɗaya da rabi ne, amma ka sa ta a mota.” Na saki waƙa. Da safe na tarar da saƙonni a waya, wasu na cewa na yi wa dattijo rowar bayani, wani ma ya tambaya ko masu motoci ne suka ba ni na goro. To ga bayanin, tunda minti biyu na rediyo ba su iya ɗaukarsa.

Mu fara da lissafin, don lissafin gaskiya ne. Tsakanin filin jirgin Maraɗi da na Difa akwai kimanin kilomita 600 in an ja zare miƙe, abin da mushenmu na kwaleji ke ce ma vol d'oiseau, wato tafiyar tsuntsu. Har yau ina ganin shi tsaye gaban tsohuwar taswirar Nijar, da zarensa da rula. Ya nuna mana wani abu da ban manta ba: Yamai, Maraɗi, Damagaram da Difa duk kusan a layi ɗaya suke, tsakanin digiri 13 da 14 na arewa, kamar tufafi bisa igiyar shanya. Gabas da yamma ne kawai ya raba su. Yamai na wajen digiri 2, Maraɗi 7, Damagaram 9, Difa 12 da rabi. A nan wajenmu kowane digiri kilomita 108 ne ko kusa da haka. Ka ninka 108 sau biyar da rabi, za ka ga inda 600 ɗin ta fito. Mu ƴan rediyo ma mun san wannan nisan ta wata hanya, don kowane digiri minti huɗu ne na tafiyar rana. Shi ya sa cikin azumi mutanen Difa ke riga mu shan ruwa da minti ashirin da ƴan kai, mu kuma mu riga na Yamai da minti ashirin. Ba shekarar da wani ba ya kira yana faɗa, wai ɗan'uwansa na Difa har ya cinye ƙosai mu ba mu saki kiran salla ba.

Jiragen da ke zirga-zirgar cikin gida a ƙasarmu yawanci masu farfela ne, suna gudun kilomita 450 zuwa 500 a awa. Kilomita 600 ke nan awa ɗaya da kwata, ka ƙara tashi da sauka, ta zama awa ɗaya da rabi. A ƙasa kuma hanya guda ce, RN1, wadda ta ratsa Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, ta shiga Damagaram, ta fita ta Mirriya, Gure, Gudumariya, Maine Sorowa, sannan Difa. Kimanin kilomita 700 daga Maraɗi. Bis na cinye wuni guda a kanta, awa goma zuwa sha biyu, gwargwadon lafiyar hanya da tsaye-tsayen salla da shingayen jami'an tsaro.

Ka aje awa ɗaya da rabi kusa da awa goma sha biyu, ko yaron firamare ya san wadda zai ɗauka. Ni ma ita na ɗauka wata rana, kuma ba a kaina abin ya ƙare ba.

Shekara uku ke nan, cikin hunturu, wata Talata bayan la'asar, Baba ya faɗi a zaure yana shirin alwala. Hawan jini ne da ya daɗe da shi, yana shan magani ranar da ya ga dama. Majo ya duba shi nan Cadawa, ya ce mu wuce Maraɗi kada mu kwana. Kafin isha muna asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya saki, amma yana magana a hankali, kuma yana gane kowa. Mu biyar Inna ta haifa, huɗu muna tsaye a kansa. Wanda ba ya nan shi ne autanmu, malamin lakwal na kwantiragi, da aka tura wani ƙauye kusa da Maine Sorowa, garin marigayi Tandja Mamadou. In ka fito daga nan, Maine kake fara tararwa, Difa na gaba da ita da kilomita 70 da wani abu. Ku riƙe wannan.

Na kira shi daga bakin ƙofar asibiti. Bai ja magana ba. Ya ce, “Yaya, yanzu zan nemi yadda zan fita Maine in kwana tasha. Bis ɗin Difa na biyowa da sassafe, in Allah ya yarda da magariba ina wurinku.”

Da na ce mishi to, da shi ke nan. Amma ni ne ɗan rediyon gidan, ni ne mai babbar waya, ni ake juyowa a kalla in ana son sanin abu. Kuma ƴan makonni kafin nan na yi hira da wani ma'aikacin furoje, wanda ya faɗa mini da bakinsa cewa a Difa ya karya kumallo, ga shi azahar ta same shi Maraɗi. Maganar ta zauna mini a kai. Na matsa ƙarƙashin fitila, na rubuta sunan garuruwan biyu a intanet. Nan take amsa ta fito tsaf, nisa kaza, lokaci awa ɗaya da ƴan mintoci, har da hoton ɗan jirgi bisa layi. Na sake kiran shi.

“Kai, dakata da maganar bis ɗin nan. Da safe ka wuce Difa ka hau jirgi, kafin azahar kana nan. Kuɗi kada su dame ka, mu za mu haɗa.”

“Yaya, ka tabbata akwai jirgin?”

“Ga shi ina gani cikin waya.”

Ƙane ba ya musu da wansa, balle a irin wannan dare. Yayarmu ta kawo kuɗin ayar da ta sayar, ni na ciwo bashi wajen wani abokin aiki, muka aika mishi. Abin da muka haɗa ya fi abin da yake ɗauka a wata.

Laraba da sassafe ya shiga ƙaramar mota ya nufi gabas, kowane kilomita yana ƙara mishi nisa da mu. Daga baya ya ba ni labari, bisa hanya suka yi kiciɓis da bis ɗin, ya wuce su ya yi yamma, shi kuma ya juya yana kallon shi ta gilashin baya har ƙura ta rufe. A Difa, wurin sayar da tikiti, aka karɓe shi da mutunci, aka gaya mishi gaskiya: yau ba jirgi. Wanda ke tafe sai jibi, kuma Yamai za shi, ba ya sauka Maraɗi. Jirgin da ma'aikacin furojen nan ya hau na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, wanda hukumar PAM ke kula da shi don ma'aikatan agaji. Ba kujerar sayarwa ga kowa da kowa ba ce, kuma ba su taɓa cewa ita ce ba. Ni ne na ji rabin magana na cika sauran da kaina.

Lokacin rana ta yi sama. Motocin nesa da asuba suke tashi, kuma tun 2015 da aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Difa saboda Boko Haram, ba direban da ke son dare ya same shi bisa wannan hanya. Ya bi tasha-tasha bai samu mai zuwa Damagaram ba. Ya kwana Difa.

Duk wunin Laraba Baba na farke. Sau uku ya tambaya, “Auta ya taso?” Na farko na ce, “Yana bisa hanya, Baba.” Na biyu ma haka na ce. Na uku bayan magariba ne, daidai lokacin da bis ɗin da ya wuce shi ke shigowa Maraɗi. Inna ce ta amsa mishi, ni na fita waje. Cikin dare numfashinsa ya sake. Kafin kiran assalatu Allah ya karɓi abinsa.

Muka dawo da shi Cadawa, aka yi mishi sutura da hantsi. Auta na cikin bis ɗin Alhamis, tsakanin Gudumariya da Gure, lokacin da ake sallar gawa. Gab da magariba ya sauka bakin kwalta nan Cadawa, bai ma buƙaci ƙarasawa Maraɗi ba. Da jakarsa a kafaɗa muka raka shi maƙabarta. Da muka dawo gida ya fiddo kuɗin jirgin ya miƙa wa yayarmu, ko dala ba a taɓa ba.

Na san abin da za ku ce mini, don na ji shi sau ɗari a zaman makoki: kwana ne ya ƙare, ba ruwan bis ba ruwan jirgi. Haka ne, kuma na yarda har zuciyata. Ban taɓa cewa da Auta ya zo da Baba bai rasu ba. Abin da ya kuɓuce ƙarami ne a ido, ƴan awoyi ne na daren Laraba da uba zai ga ɗansa, ɗa ya riƙe hannun ubansa ya nemi gafara. Su ne na ɗauka na yi musaya da wata lamba da na gani cikin waya.

Sai bayan sadakar arba'in na samu ƙarfin bin diddigin wannan lambar. Ba ƙarya wayar ta yi mini ba. Irin waɗannan shafuka suna riƙe da wurin da kowane filin jirgi yake a taswira. Ka ba su suna biyu, su auna layin da ke tsakani, su raba da gudun jirgi, sau da yawa ma gudun babban jirgi na kilomita 800 ko fiye, su ƙara kamar rabin awa na tashi da sauka, su miƙo maka. Za su ba ka amsa ko da jirgin fasinja bai taɓa haɗa filayen biyu ba tun da aka share su. Na tambaya awa nawa, aka ce mini awa kaza. Ban tambaya wace rana ba, ban tambaya ta ina zai bi ba, ban tambaya ko irina na iya shiga ba. Ko tsohuwar da ba ta taɓa taka lakwal ba, in za ta kasuwar wani gari, sai ta fara tambayar ranar da take ci kafin ta tambayi nisa.

Kuma ga yadda tsarin yake, wanda ya kamata kowa ya sani. Jiragen cikin gida kamar turbar shanu suke zuwa rijiya guda, rijiyar kuwa Yamai ce. Daga can suke fita, can suke komawa, wani lokaci su ɗan yada zango a wani gari. Mai son zuwa Maraɗi daga Difa ta Yamai zai yi kimanin kilomita 1,130 zuwa yamma, ya wuce kusan ta saman kawunanmu tunda layi ɗaya muke, sannan ya dawo gabas kilomita 540. Jimla kusan 1,670, ninki uku na tafiyar tsuntsu saura kaɗan, ban da kwanan jiran jirgi na biyu. In ya sauka Maraɗi kuma ɗan Cadawa ne, saura mishi kilomita 40 na komowa baya, ɗan Gazawa kuwa kusan 100. Bis shi kam a ƙofar gida yake aje ka. Ban ma taɓo maganar hazo ba: cikin hunturu, in ƙura ta sauko matuƙi ba ya ganin fili, ana iya ɗage tashi, kai da tikitinka a hannu.

Abin mamaki da Cadawa, mu kusan tsakiyar igiyar muke. Daga Yamai zuwa Difa a mota kimanin kilomita 1,360 ne. Daga nan zuwa Yamai kusan 700, zuwa Difa kusan 660. Ko ta ina ɗanka ya samu aiki, soja ne, malami ne, ma'aikacin lafiya ne, wuni guda ne tsakaninku in ya kama motar asuba, kwana biyu in ta wuce shi. Iyayenmu da ba su san digiri ba sun fi mu riƙe wannan lissafin.

Maniyyatanmu ma sun san shi. Mafi yawansu sai sun yi wunin nan a bis zuwa Yamai, yamma sosai, kafin su hau jirgin da zai yi gabas da su. Daga Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4,000 ne, awa biyar zuwa shida. Wato Cadawa zuwa filin jirgin Diori Hamani ta fi filin jirgin zuwa ƙasa mai tsarki cin lokaci. Wata Hajiya a unguwarmu ta ce ita duk aikin hajjinta ba inda ƙafafunta suka kumbura sai tsakanin Ƙwanni da Dogon Dutsi. Shi ya sa ƴan kasuwar Maraɗi da yawa suka saba bi ta Kano, wadda ba ta kai kilomita 300 daga nan ba, garin da jirgi ya fara sauka tun 1925. Amma ita ma wannan kusancin mun ga yadda yake ɓacewa dare ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka da Najeriya har zuwa Maris na 2024, sararin samaniyarmu ma ya yi kusan wata guda a rufe. Taswira ba ta motsa ba ko da taƙi guda, amma Kano ta koma nesa.

Kada a ce na zama maƙiyin jirgi. Ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000 ba ta yi sai da shi. Mara lafiyar da ba zai jure girgizar hanya ba, ma'aikacin da aka kira taro Yamai daga Difa ko Agadas, waɗannan jirgi rahama ne gare su, kuma ina fatan ranar da ɗan Difa zai zo Maraɗi kai tsaye ba sai ya gaida Yamai ba. Abin da ke damuna shi ne yadda sanin ranakun tashi ya zama kamar sirrin ƴan ofis. Shekara goma ina gaban makirfo. Na karanta farashin gero da wake da aya, na karanta sanarwar ɓatan awaki, na karanta rasuwa da suna da ɗaurin aure ba iyaka. Ban taɓa riƙe takardar da ke cewa jirgi na sauka Maraɗi rana kaza, ya tashi ƙarfe kaza, kuɗinsa kaza ba. Da ina da ita a aljihun tebur a wancan daren, da ban buɗe intanet ba. Kuma in za a tambaye ni inda za a fara zuba kuɗi don rage wa talakan Agye ko Gidan Rumji nisa, zan ce a kwalta. Ramin da aka cike, da rairayin da aka kwashe daga hanya wajen Gure da Gudumariya, minti ne ake mayar wa dubban mutane kullum. Wannan ra'ayina ne, mai ganin ba haka ba layinmu a buɗe yake.

Auta bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Wannan shi ya fi yi mini nauyi, don da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai bara, da ya zo hutun damina, muna zaune bakin gonar Baba, ni na tayar da ita. Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke, sannan ya ce, “Yaya, ni ma ai na ga bis ɗin da idona. Da na ce ma direba ya tsaya in sauka, wa zai hana ni?” Ya raba laifin biyu ya ɗauki rabi, ni kuwa na san ba rabonsa ba ne. Har yanzu yana can wajen Maine. In ya kira ya ce yana tafe, tambaya guda nake mishi, ko ya yanki tikitin asuba.

Dattijon Gazawa ya sake kirana jiya, ba cikin shiri ba. Ya ce da farko ya ji haushin amsata, amma ya aika ɗansa ya bincika, aka ce mishi abin da na ce. Uwar ɗiyar ta hau bis bakin hanya da safe, da kwanon fura da ƙullin kayan yaji na mai jego, ta sauka Difa ana kiran isha, surukinsu na jiran ta a tasha. Ba a haihu ba tukuna. Ya ce in an sauka lafiya zai kira ranar Lahadi ya faɗa da kansa.